Ranar da Muka Shuka Doya da Safar Hannu

Shekara goma sha wani abu na yi ina koyar da darasin noma a wata sakandare a nan Keffi, kuma gara in faɗa tun da wuri, ban taɓa shuka doya ba. Mahaifina tela ne a bakin kasuwa, kakana ma tela. Iyakar sanina da doya shi ne ana soya ta da ƙwai, ana kirɓa ta a yi sakwara, kuma tana tsada kafin sabuwa ta fito. Noma na karanta a kwaleji don nan aka sami gurbi a shekarar da na nema. Amma ina da littafin darasi mai baƙin bango, wanda na kwafa daga na malamina, shi ma na tabbata daga na wani ya kwafa. Duk shekara sai in buɗe shi in juye wa yara a allo, su juye a nasu littafin, ranar jarrabawa su dawo mini da kayana cif-cif, in ba su maki. Muna zaman lafiya, babu mai cutar wani.

Ana haka sai aka kira mu taron bita. Wata ƙungiya ce daga Abuja ta tara malamai a wani ɗakin taro kwana biyu. Mai jawabin wata matashiya ce mai gilashi, Turancinta kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Ta ce zamanin da malami zai tsaya gaban allo yana ɗura wa yara ilimi ya wuce. Yanzu ɗalibi ne zai sa hannu a tsara darasi, ya faɗi abin da yake so ya koya, ya ɗauki hoto da bidiyo, a haɗa kayan karatu tare da shi. Aka raba mana ƙananan takardu masu launi, muka rubuta ra'ayoyinmu muka manna a bango, fanka tana kaɗo su ƙasa muna sake mannawa. Mun tafa sosai, musamman da muka hango ana shigo da abinci. A ƙarshe aka ba kowace makaranta kwamfutar hannu ɗaya da majigi ɗaya, aka ce bayan mako shida za a zo a ga abin da yara suka tsara.

Shugaban makarantarmu mutum ne mai son baƙi. In ya ji za a zo, har duwatsun bakin hanya da gindin bishiyoyi sai sun sha farar ƙasa. Da muka dawo da kwamfutar, ya karɓe ta hannu biyu, ya ƙi yarda a ɓare ledarta, ya kulle ta a durowa. Washegari a taron safe ya sanar da cewa daga yau kowane ɗalibi dole ne ya faɗi ra'ayinsa a aji ba tare da tsoro ba, wanda kuma ya ƙi, zai yi sharar filin ƙwallo.

Na shiga aji biyu na babbar sakandare da ƙarfina. Na ajiye alli, na harɗe hannu kamar yadda na ga matar bita tana yi, na ce, "To, yau ku ne malamai. Me kuke so ku koya?"

Yaran suka dube ni, suka dubi juna, suna neman inda tarkon yake. Ban ga laifinsu ba. Tun suna firamare muke koya musu cewa yaron kirki shi ne wanda ba a jin bakinsa, yau kuma da safe ɗaya mun ce su buɗe shi. Can wani daga baya ya miƙe ya ce, "Duk abin da ka ga ya dace, Sa." Sauran suka yi ajiyar zuciya, an sami wanda ya ba da amsar daidai.

Na ce alhamdu lillahi, na sauke nauyi, na tambaya ba su so. Na buɗe baƙin littafina, inda muka tsaya kuwa shi ne noman doya. Layi uku ne kacal a kan shuka: a yanka iri, a yi tuli, a binne. Ina cikin rubuta na ukun sai na ji an ce, "Sa."

Wata yarinya ce mai zama kusa da taga. 'Yar garin Agwada ce, tana zaune wurin goggonta a unguwar Gangaren Tudu saboda makaranta. Siririya, ba ta da surutu, ban ma tabbata na taɓa jin muryarta ba sai wajen kiran suna. Ta ce, "Sa, an tsallake abu. In an yanka, sai an shafa toka a bakin yankan, a bar shi a inuwa ya sha iska. In an binne kuma, sai an ɗora busasshiyar ciyawa a kan tulin, a danne da ƙasa. In ba haka ba rana za ta dafa shi a ciki."

Raina ya ɓaci. Ba don ta yi ƙarya ba, a'a, don ban san ko gaskiya ta faɗa ko ƙarya ba, ga idanu arba'in a kaina. Sai na ce, "Madalla. Tunda kin fi littafi sani, sai ki je ki ɗauko mana a bidiyo mu gani."

Gatse na yi mata. Ita kuwa ta ce, "To, Sa. Ranar Asabar babana zai shuka."

Magana ta riga ta fita a gaban aji, babu halin janyewa. Na je wurin shugaba neman kwamfuta. Sai da ya yi mini wa'azi a kan amanar kayan hukuma, ya nuna mini yadda ake riƙe ta kamar jariri, ya kuma gargaɗe ni kada a taɓa hotunansa, don ashe a cikin kwanakin nan ya ɓare ledar da kansa ya cika ta da hotunan kansa a zaune a ofis. Ranar Juma'a na miƙa wa yarinyar, ta naɗe ta cikin ɗankwali ta sa a jaka.

Ranar Litinin muka rufe tagogi, muka jona majigi da ƙaramin janareta, muka haska a bangon aji.

Wani dattijo ya bayyana, dogo, ba takalmi, da singileti mai huji biyu a kafaɗa. Yana tsugune a gindin bishiya da wuƙa a hannu. Ya ɗaga doya ya nuna kai, ya nuna tsakiya, ya nuna gindi. Ya ce kowane yanki dole a bar masa bawonsa, don daga nan tsiro yake fitowa. Yana magana da Hausa a hankali, in abin ya yi daɗi sai ya zarce da yarensu, sai a ji muryar 'yarsa daga bayan kwamfuta tana fassarawa. Ya dangwala yankan a toka. Wata akuya ta leƙo za ta ɗauki iri, ya jefe ta da hoge ba tare da ya yanke maganarsa ba. Sannan ya ɗauki garma, sara huɗu ko biyar, sai ga tuli ya kai gwiwa. Ya tura irin a karkace, bakin yankan yana sama, ya rufe, ya ɗora ciyawa, ya danne. Ya dubi kwamfutar ya ce, "'Yan makaranta, kun gani? Ita ma doya tana son hula."

Minti bakwai ne duka. A cikinsu na fahimci abin da na shekara goma sha wani abu ina rubutawa a allo. Kunya ta kama ni, daɗi kuma ya kama ni, ban san wanda ya fi yawa ba.

Ajin kuwa sai ya ɓarke. Wani ya ce a wajensu, can hanyar Nasarawa, ganye ake ɗorawa ba ciyawa ba. Wata ta ce tulin kakanta ya fi wannan girma. Yaran da na ɗauka kurame ne ashe kusan rabinsu da garma suka tashi. Mako biyu suna aiki a kan bidiyon nan. Suka raba shi kashi-kashi, suka sa rubutu a ƙasa, wata mai iya zane ta zana tulin an tsaga shi biyu don a ga yadda irin yake kwance, wasu suka tsara tambayoyi, har da wata wadda ni kaina sai da na leƙa amsar a takardarsu. Aikina bai wuce tsawatar da masu ihu da zuba mai a janareta ba. Ban taɓa jin daɗin koyarwa irin na makonnin nan ba, kuma abin haushi, su ne makonnin da na fi kowane lokaci yin shiru.

Cikin wannan zumuɗin na kira yarinyar, da bakina na ce mata, "Ranar da baƙi za su zo, bidiyonki za a nuna, kuma an gayyaci iyaye. Ki aika wa Baba ya zo ya ga kansa a bango." Ta rufe baki da hannu tana dariya. A ranar ta ba wani direban motar kasuwa saƙo.

Saura kwana uku baƙi su zo, shugaba ya ce a kawo bidiyon ya duba. Na kunna masa a ofis ina hura hanci. Minti ɗaya bai cika ba na ga fuskarsa tana sauyawa.

"Malam, wannan mutumin ba shi da riga ne?"

"Ranka ya daɗe, a gona yake."

"Ƙafa fa? Ba takalmi! Wai, akuya! Akuya, Malam, a gaban mutanen Abuja? An ce mana kayan karatu na zamani, kai ka je ka kwaso mini ƙauye ɗungurungum. So kake a koma a ce makarantarmu a daji take?"

Na ce, "Ai cewa aka yi yara su tsara, kuma su suka tsara."

Ya ce, "Ai su ɗin za su sake tsarawa. Mu dai za mu gaya musu yadda za su tsara."

Ba zan ce ban yi gardama ba. Na yi, ta kai jimla uku. Sai ya cire gilashinsa yana gogewa, ya ce jiya-jiyan nan ya ji ana cigiyar malamin noma a wata makaranta da mota ba ta zuwa in damina ta sauka, kuma tunda ga shi ina son ƙauye haka. Ina da mata da 'ya'ya a Keffi, ga tsohuwata ba lafiya. Na ce, "Yadda ka ce, ranka ya daɗe."

Washegari muka fita bayan ɗakin gwaje-gwaje don ɗaukar sabon bidiyo. Ƙasar wurin ta yi tauri kamar daɓe, sai da aka yi ta kwara ruwa tun safe, maigadi ya yi tulin, aka ce ya koma bakin ƙofa kada ya fito a hoto. Wanda aka zaɓa ya yi bayani shi ne shugaban ɗalibai, ɗan wani ma'aikaci mai zuwa aiki Abuja kullum. Yaro ne mai ladabi da Turanci, amma ko fartanya bai taɓa riƙewa ba. Aka sa masa farar rigar ɗakin gwaji da safar hannu ta roba. Aka kawo sabuwar garma, takardar shago tana manne a jikinta. Doyar kuwa ƙatuwa aka sayo, ta ci, malamar girke-girke ta wanke ta tas da soso don ta yi kyau a hoto. Shugaba ya ce kada a yanka, asara ce.

Yarinyar ta zo da toka a gwangwani da damin ciyawa, ba wanda ya sa ta. Shugaba ya hango ya ce, "Wa ya kawo shara nan? A kwashe!" Aka kwashe. Ita da sauran 'yan ajin aka jera su a baya, aka ce duk lokacin da shugaban ɗalibai ya ɗaga kai, su gyaɗa nasu.

Bayanin da ya karanta ni na rubuta shi, daga baƙin littafina. Sau tara ana ɗauka. Wani lokaci garmar ta kufce masa, wani lokaci safar ta yage, sau biyu kuma shugaba ya ce a sake don bai fito sosai ba a inda yake tsaye yana sa ido. A karo na tara kwamfutar ta tsaya, ta ce cikinta ya cika.

Ni nake riƙe da ita. Na ce sai an goge wani abu. Shugaba ya leƙo, ya wuce hotunansa na ofis, ya wuce na ranar da ya buɗe sabon banɗaki da almakashi, ya ce waɗannan tarihi ne. Yatsansa ya tsaya a kan dattijo mai singileti. Ya ce, "Ga wanda ya cinye wurin. Cire shi, tunda an yi sabo."

Babu kwafi a ko'ina. Kullum ina cewa zan tura a wayata, wayar tawa ita ma a cike take, ina ta gobe-gobe. Kwamfutar ma sai da ta tambaye ni ko na tabbata. Yarinyar tana tsaye taku uku daga inda nake, tana kallon hannuna. Na danna.

Da aka gama, mataimakin shugaba ya tone doyar ya kakkaɓe, aka soya ta a ofishin malamai. An miƙo mini, na ce ina azumi, alhali kowa ya ga na sha shayi da safe.

Ya kamata in ce mata ta aika wa babanta kada ya wahalar da kansa. Na ɗauka za ta yi da kanta. Gaskiyar magana dai, kwana biyun nan in na hango ta sai in canza hanya.

Ranar baƙi makaranta ta yi fari fat. Aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba, aka rataya farin zanin gado don majigi. Ina jan wayar wuta sai na hango dattijon yana shigowa, 'yarsa a gefe. Da ƙyar na gane shi. Ya sa riga da wando na zuwa coci, sun sha guga, da baƙin takalmi wanda daga tafiyarsa ka san yana matse shi. Ya zauna a layin baya ya ɗora hularsa a gwiwa. Duk lokacin da hoto ya motsa a kan zanin sai ya miƙa wuya.

Aka yi addu'a ta Musulmi da ta Kirista, shugaba ya yi jawabin da ya ce gajere ne, sannan aka kunna. Shugaban ɗalibai ya fito cikin farar riga yana cewa da Turanci, yau mu ɗalibai mun yanke shawara da kanmu za mu koya wa kanmu noman doya. 'Yan aji a baya suna gyaɗa kai tare kamar ƙadangaru. Ya ɗaga wankakkiyar doya da safar hannu, ya tura ta cikin tulin maigadi. Daga layukan baya, inda iyaye manoma suke, na ji wani ya yi tari mai kama da dariya. Daga layin gaba kuwa tafi ya tashi.

Matar bita ta miƙe. Ta ce wannan shi ne abin da take faɗa, dubi yadda yara suke in an sakar musu mara. Ta tambayi shugaban ɗalibai yadda ya ji da aka ba shi damar tsara darasinsa, ya ba ta amsar da muka yi kwana biyu muna haddace masa, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ta ce za ta nuna bidiyon a wasu jihohi. Shugaba ya dube ni ya ɗaga gira, wato ka gani ko.

Dattijon bai tashi ba har sai da sunaye suka gama wucewa a kan zanin, na shugaba a farko, nawa na biyu.

Ana watsewa na nufi bayan rumfa wai ina naɗe waya. A nan suka same ni. Ya cire hula, ya ba ni hannu biyu, muka gaisa, ya tambayi iyali da aiki da zafi. Ya sa 'yar ta ajiye wani buhu a gabana, doya uku ce manya. Ya ce ba yawa, na Malam ne, don yarinyar kullum in ta zo gida zancena take.

Sannan ya ce, "Malam, na ga na yaron nan. Ya yi ƙoƙari, Turanci kamar ruwa. Nawa fa, sai an jima ne?"

Na ce, "Wato, Baba, lokaci ne ya ƙure."

Ya ce, "Ba komai, manya sun fi mu uzuri. To a sa mini shi a wayar ƙanena in tafi da shi. Na gaya wa mutanen gida, har fasto ya ce in an kawo a nuna bayan sujada. Ni ma ban gani ba, da ta ɗauka ta ce kayan makaranta ne, kada batir ya ƙare."

Ya zaro wata tsohuwar waya da aka ɗaure da roba, ya miƙo mini. Na buɗe baki. Wallahi na yi niyyar faɗin gaskiya, ina neman ta inda zan fara ne kawai. Yarinyar ta riga ni.

Ta ce, "Baba, babu shi. Ni ce na danna wani wuri ban sani ba, ya goge."

Ya juya ya dube ta. Ya daɗe yana dubanta, hannunsa da wayar yana nan a miƙe. Sannan ya mayar da ita aljihu a hankali. Ya ce, "An ba ki kayan hukuma, an yarda da ke a cikin yara duka, sai ki yi wasa da shi? Kin sa Malam ya ji kunya a gaban baƙinsa, sai da aka nemo wani yaro ya rufa asiri. Durƙusa ki ba shi haƙuri."

Ta durƙusa a kan farar ƙasar da aka shafa wa duwatsu, har ta ɓata mata siket. Ba ta ɗago ido ba. Ta ce, "Ka yi haƙuri, Sa."

Ni kuwa, malaminta, da waya naɗe a hannuna da buhun doya a gabana, na ce, "Ba komai. A dai kiyaye gaba."